Tambayi Likita: Gishirin miya, na'urar awon jini da karatun manya

Tambaya: Likita, ina sayar da wake da shinkafa a Aboabo. Na ji a rediyo gwamnati ta fitar da ƙa'idar cin abinci. Wai tuwonmu da wakenmu za mu bari? Hajiya, Aboabo.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba wanda ya ce a bar tuwo. A shekarar 2023 Ma'aikatar Abinci da Noma ta Ghana, da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da masana na Jami'ar Ghana, ta ƙaddamar da jagorar cin abinci ta ƙasa, kuma da abincinmu na gida aka gina ta. Abin da take nema shi ne a riƙa sassauya abinci, a yawaita ganye da kayan marmari da wake, a rage gishiri da sukari da mai. Wake kuwa yana cikin abin da ake so a ci. Inda matsalar take shi ne abin da ake jibga masa: taliya, garin rogo, soyayyar ayaba, sannan shito, wato soyayyen yaji, yana iyo a mai. A rage waɗannan, a ƙara kabeji da tumatir da ƙwai ko kifi.

Gishiri ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake ɓoye a burodi da kifin gwangwani. Ki duba tukunyar miya ɗaya a zango: an jefa momoni, an sa koobi, dukansu kifi ne da aka adana da gishiri, an murmusa magi uku ko huɗu, sannan a debo gishiri da hannu a barbaɗa. Magi ɗin nan, kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne. Ki jiƙa koobi ki zubar da ruwan kafin ya shiga miya, in kin sa shi kada ki ƙara gishiri, ki bar daddawa da albasa da citta da tafarnuwa su ɗauki nauyin ɗanɗano. Ki rage sannu a hankali, harshen masu saye zai saba ba tare da sun guje ki ba.

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da na'urar awon hawan jini daga Jamus. Kwana biyu ina ganin 128/80, sai na ajiye maganin. Na warke ke nan? Malam, Asawase.

Amsa: Malam, don Allah ka koma kan maganinka yau. Lambar da ka gani tana da kyau, amma maganin ne ya kawo ta. Hawan jini ba ya warkewa kamar zazzaɓin cizon sauro, riƙe shi ake yi, kuma idan aka saki yakan dawo ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa asibitin Komfo Anokye na Kumasi da shanyewar ɓarin jiki, iyalansu suna cewa lafiya lau suka kwanta.

Ɗanka ya yi maka gata, saura a yi awon daidai. Minti 30 kafin awo kada ka sha shayi ko kofi, kada ka ci goro, kada ka sha taba. Ka yi fitsari tukuna. Ka zauna a kujera mai majingina minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ka naɗe hannun riga ko ka cire babbar riga, ka ɗaura madaurin a damtse, hannun a kan tebur daidai da ƙirji. Ba magana, ba amsa waya. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma yamma. Idan damtse mai kauri ne madaurin kuma ƙarami, lambar za ta fi gaskiya yawa, kuma na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

Sai ka rubuta kowace lamba a ɗan littafi da ranarta, musamman mako guda kafin ganin likita. A gida, in matsakaicin awon ya kai 135/85 ko ya wuce, jinin ya hau. In ka ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko ƙarancin numfashi, ko nauyin harshe, ko raunin hannu da ƙafa a gefe ɗaya, a tafi asibiti nan take, ko a kira 112. Ranar da za ka je asibiti ka tafi da na'urar a gwada ta da tasu.

Akwai abin da maza ba sa son faɗa, ni zan faɗa. Wasu suna barin magani ne don sun ga ƙarfinsu na iyali ya ragu, wasu don tari ko kumburin ƙafa. Duk waɗannan ana iya sauya magani saboda su, ka dai gaya wa likitanka. In kuɗi ne matsalar, inshorar lafiya ta NHIS tana ɗaukar jinyar hawan jini, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#.

Tambaya: Mahaifiyata tana da ciwon sukari, wani lokaci takan yi gumi da makyarkyata bayan ta sha magani. Wata 'yar'uwa, Sawaba.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ya yi kama da faɗuwar sukari. Ki auna sukarin jininta nan take. Ƙasa da 3.9 mmol/L ya yi ƙasa. In tana cikin hayyacinta, ki dama cokalin shayi uku na sukari a ruwa ki ba ta, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In ta suma, kada ki ɗura mata komai, a kai ta asibiti. Ki gaya wa likitanta, wataƙila maganin ya yi mata yawa ko tana sha ba ta ci ba.

Tambaya: Na haura shekara 50, na yi makarantar allo amma ban yi boko ba. Jikokina ke karanta mini takardar magani, in suna makaranta sai in rasa yadda zan yi. Inna, Alabar.

Amsa: Inna, wadda ta iya karanta allo ta riga ta yi rabin tafiya. Gwamnati tana da hukumar ilimin manya, Complementary Education Agency, wadda aka kafa da dokar 2020 a madadin tsohon sashen yaƙi da jahilci. Ki tura ɗaya daga cikin 'ya'yanki ofishin majalisar gundumarku ya tambayo inda ajin manya yake kusa da ke. Ina ganin bambancin a ɗakin duba marasa lafiya: wadda ta iya lambobi takan zo da littafinta, mu ga watan da jini ya hau, mu gyara magani a zama ɗaya.

Kafin ki samu aji, ki fara da lambobi daga 0 zuwa 9, jikokinki za su koya miki da dare. Da su za ki karanta na'urar awo da ranar lalacewar magani a jikin kwali. Ki roƙi mai ba da magani ya zana miki rana a kan na safe, wata a kan na dare, ke kuma ki rubuta sunan kowane magani da ajami a jikin kwalinsa. In za ki sayi maganin gargajiya na kwalba, ki sa a duba miki lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA, kuma ki nuna wa likita kwalbar kafin ki haɗa shi da na asibiti.