Hukuncin sayar da bidiyon tsiraici ta intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina Unguwar Rogo a Jos. Ƙawata tana tura wa maza bidiyon tsiraicinta ta Telegram, su kuma su sa mata kuɗi. Da na yi mata magana sai ta ce ai ba zina ba ce, ba wanda ya taɓa ta, fuskarta ma a rufe take, kuma da kuɗin take biyan makaranta. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yata, aikin haramun ne, kuɗinsa ma haramun ne.

Gaskiya ne ba zinar da ake tsayar wa haddi ba ce. Amma a Suratul Isra'i, aya ta 32, kusantar zina Allah Ya hana, ba aikata ta kaɗai ba. Annabi (SAW) kuma ya ce zinar ido ita ce kallo. To wannan kallon shi ne hajar da take sayarwa. Masu biya ma suna cikin zunubin dumu-dumu, cikinsu har da magidanta, kada a ɗora wa yarinya ita kaɗai.

Rufe fuska ba kariya ba ce. Murya, tabo a hannu, labulen ɗaki, sun isa a gane mutum. Kuma abin da ya fita daga wayarta ya fi ƙarfinta. Wanda ya biya yau, gobe shi zai ce ta ƙaro ko ya tura wa mahaifinta. Wannan ne yake ci mini rai, domin bidiyon yana iya jiranta har ranar ɗaurin aurenta.

Kuɗin makaranta buƙata ce babba, ban raina ta ba. Sai dai ba ta kai larurar da Suratul Baƙara, aya ta 173, ta halatta cin mushe dominta ba. Ɗalibar da talauci ya hana karatu tana da haƙƙi a zakka, kuma nauyinta yana wuyan dangi.

Ta tuba, ta rufe shafin, ta goge komai. Kuɗin da ya rage kada ta mayar wa mazan. Ta sadakar, in kuma tana cikin matsi ta ɗebi gwargwadon buƙatarta, kamar yadda babban malamin Musulunci Ibnu Taimiyya ya tafi a kai. Idan wani ya yi mata barazana, kada ta biya shi ko sisi, ta faɗa wa babba da ta amince da shi su kai ƙara.

Ke kuma ki rufa mata asiri. Ki same ta ke kaɗai. Wallahu a'alam.