Tambaya da Amsa: Ƙarfen da aka jingina da bango

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibin injiniya ne ɗan aji ɗaya daga Kabuga. An bamu lissafi, ƙarfe mai tsawon mita 5 nauyinsa nuton 200 (nuton ma'aunin ƙarfi ne), an ɗaure gindinsa da fin a ƙasa mita 3 daga bango, kansa kuma ya jingina da bango mai santsi a tsayin mita 4, wai a nemo ƙarfin da bangon da fin ɗin suke tokare shi da shi. Na ninka 200 da 2.5 na raba da 5 na samu 100 akace ba haka bane, wallahi kwana biyu ina kai na kasa ganowa.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena, ka yi daidai da ka ɗauki juyi (wato ƙarfi sau tazararsa) a kan gindin, awon ne ya yaudare ka. Nauyi ba ya bin kwanciyar ƙarfe, ƙasa yake ja a miƙe, kamar igiyar ma'aunin magini, don haka daga tsakiyar ƙarfen ka sako layi zuwa ƙasa zaka ga ya sauka mita 1.5 daga gindi, wannan ita ce tazarar da zaka ninka, 200 sau 1.5 ya baka 300.

Bangon kuma tunda ance mai santsi ne baya iya riƙe komai sama, turowa kawai yake a kwance, tazararsa daga gindi shine tsayin nan mita 4. Tunda ƙarfen baya motsi, dole juyin bangon ya yi daidai da 300 ɗin nan, don haka raba 300 da 4, nuton 75. Shikenan fin ɗin ya ɗauki 200 gaba ɗaya a tsaye, sannan yana tura gindin wajen bango da 75 don su kashe juna da turin bangon.

Wannan 75 ɗin ba a takarda kawai yake ba, duk wanda ya taɓa ganin mai fenti ya jingina tsani a kan tayil ya san ana sa yaro ya taka gindin da ƙafa kafin a hau, aikin fin ɗin nan yaron yake yi, kuma duk matakin da mai fentin ya ƙara hawa tazarar nauyinsa daga gindi ƙaruwa take, turin ma ya ƙaru. Shi yasa tsani yafi zamewa idan mutum ya kusa kaiwa sama. Don Allah ka riƙa zana kowane ƙarfi da kibiyarsa kafin ka taɓa kalkuleta, ka sake gwadawa da gindin a mita 4 tsayi mita 3, ya kamata ka samu wajen 133.