Jan rini bai kama ba, sai ka ce amosani ne?

Kai yaro, na ga saƙonka. Ka ce ka rina yankan gwiwar ɓerayen da aka yi wa tiyata, guringuntsin ya fito a koɗe maimakon ja, kana tambaya ko ka rubuta cewa amosanin gaɓa ya kama su. Sannan ka liƙo wata a ƙasa, wai ko akwai dabarar tausasa ƙashi cikin kwana biyu, don jiran EDTA, sinadarin da muke jiƙa ƙashi a ciki ya yi laushi kafin a yanka, ya ishe ka. Da ta farkon kaɗai ka aiko, da na bar ka sai Litinin. Ta biyun ce ta tayar min da tsohon miki.

Kada ka rubuta komai tukuna. Mayar da gilashin da yankan ke kai ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka sauka daga saman gaɓar, ka wuce ƙashin da ke ƙarƙashinta, har ka iske layin girma, guringuntsin nan da ƙashi ke ƙara tsawo daga gare shi. A ɓera layin ba ya rufewa da wuri irin na mutum, za ka same shi. Wuƙar mai tiyata ba ta kai can ba. In ya fito jawur alhali saman gaɓa ya koɗe, to mu zauna mu yi maganar cuta. In shi ma ya koɗe, aikinka ne ya koɗe, gilashin nan ba ya shaidar komai. Ko ka bar shi ya daɗe a alkohol bayan jan rinin Safranin kana danna waya, ko rinin ya tsufa, ko wani ya taɓa naman da asid mai ƙarfi.

Ka ma san abin da jan yake kamawa? Na tabbata ba ka sani ba, an dai ce ku tsoma ku cire. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyar jini, ba shi da ta jin zafi. Mafi yawansa ruwa ne, wajen kashi 70 cikin 100, kuma abu biyu ke riƙe da ruwan: zaren kolajin da sinadarin agirikan. Ɗauke shi kamar soson wanka da aka cusa cikin ragar kamun kifi, agirikan ne soson mai shan ruwa ya kumbura, kolajin ne ragar da ke hana shi watsewa. Safranin agirikan yake bi. Idan gwiwa ta bugu, wasu ƙwayoyin halittar guringuntsin sukan mutu nan take, wasu su bi baya cikin 'yan kwanaki, waɗanda suka tsira kuma su shiga fitar da sinadarai masu yanka. ADAMTS-5 ya datse agirikan, MMP-13 ya datse kolajin. Agirikan ne ke fara tafiya, shi ya sa launi ke gushewa tun saman gaɓar yana sumul, kafin ya fara tsagewa. Wannan ana iya mayar da shi in ɓarnar ba ta yi nisa ba. Kolajin kuwa in ya yage, shi ke nan. Tun 1743 likita William Hunter ya rubuta a Ingila cewa guringuntsi in ya lalace ba ya gyaruwa, kuma har yau muna nan muna kewaya maganarsa. A 2005 aka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa ADAMTS-5 guringuntsinsu bai ci kamar na sauran ba bayan an yi musu tiyatar gwiwa. Da irin gilashin da ke hannunka aka gano haka, kai kuma kana neman ka gama shi cikin kwana biyu.

Ba don ɓera muke wannan wahala ba. Ɗan ƙwallo ko ɗan acaɓar da jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke, kusan rabin irinsu amosani na jiransu cikin shekara 10 zuwa 20. Ba wanda zai ba ka gwiwarsa ka yanka ka ga abin da ke faruwa a tsakani, shi ya sa tun 1973 masu bincike Pond da Nuki suka yanke jijiyar a karnuka suka zuba ido, daga baya aiki ya koma kan ɓeraye.

To ga abin da ya sa na ce ka taɓo min miki.

Shekarun baya wani likita da ke neman ƙarin girma ya kawo min gwiwoyin fararen ɓeraye irin Wistar. Rabi an yanke musu jijiyar, rabi an buɗe an ɗinke ba a yanke komai ba, don a samu abin gwadawa. An ciyar da dabbobin nan makonni kafin a kashe su. Muka yi ciniki, rabin kuɗi in an fara, rabi in an gama. Ranar farawa ya zo da murmushi, wai kuɗin bincikensa sun maƙale a ofis, in taimaka in fara, ai mun zama ɗaya. A watan ne na kwashi adashe, kuɗin da na ware don kwanon rufin ɗakin da nake ginawa. Da su na aika Legas aka sayo EDTA da rezar injin yanka da kaki da rini. Na gaya masa baki da baki, gwiwar babban ɓera wata guda take ci a EDTA, wani lokaci fiye, ana canja ruwan a kai a kai. Ya ce ba komai, Baba.

Ana cikin haka aka yi mana rasuwa a gida, na tafi zaman makoki. Bawan Allahn nan ya shigo bayan idona ya iske yaron da makaranta ta turo koyon aiki, ya danƙa masa kuɗin kati, ya ce a juye komai cikin asid ɗin naitirik, lokacin miƙa takardarsa ya matso. Yaron ya juye ranar Juma'a, ya rufe ƙofa ya tafi hutun ƙarshen mako.

Ina dawowa na ɗaga kwalba na ga naman ya yi rawaya, gabana ya faɗi. Na dai wanke, na zuba kaki, na yanka. Yanka kam ya yi daɗi, reza na wucewa ba gardama, abin da ke ruɗin irinku ke nan. Na rina. Na masu tiyata a koɗe, na marasa tiyata a koɗe, layin girma a koɗe, cibiyoyin ƙwayoyin halitta ma sai inuwarsu. Asid ya wanke agirikan ɗin kakaf, ya yi cikin kwana uku abin da cutar ke yi a watanni, kuma ya yi wa kowa.

Na kira shi na nuna masa. Ina jiran ya riƙe kai, sai na ga ya washe baki. Wai na masu tiyatar sun fito daidai yadda yake so, na sauran ne kawai zan "ɗan ƙara musu ja", in bar su su kwana cikin rini, ko a gyara a kwamfuta. Na ce likita, hannun nan bai taɓa rina ƙarya ba, ba kuma da kai zai fara ba. A sake sabbin dabbobi, ni zan yafe ladan aikina. Bai ce uffan ba. Juma'ar da ta biyo ina masallaci ya zo da takarda daga sama, ya kwashe gilasai da dunƙulen kakin gaba ɗaya. Ko sisi ban gani ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo, ya bi gari yana cewa hannun tsohon ya fara rawa, ya ɓata masa samfur. Masu kawo min aiki biyu suka janye. Damina ta same ni da gini ba rufi, bango guda ya zube.

Bayan watanni na ga hotunan a manne jikin allo wurin wani taro. Na marasa tiyata sun yi ja har ƙashi. Ƙashi fa! Wanda ya yi mako ɗaya a ɗakin nan ya san a wannan rinin ƙashi kore yake fitowa. Kuma na gane gilashina, don rezar da na yi amfani da ita ran nan tana da ɗan tsaguwa, ta ja siririn layi daga sama har ƙasa a kowane yanka. Ga layin nan a hoton, ƙarƙashin sunansa. Aka tafa masa. Har yau mukan haɗu a ɗaurin aure, ya miƙo hannu biyu yana Baba ina gajiya. Ina amsawa, don musulunci. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka ba asid mai ƙarfi a ɗakina muddin Safranin za a yi. EDTA kashi 10 cikin 100, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, wajen 7.4, kana canja ruwa kana girgizawa. Gwiwar ƙaramin ɓera wajen mako biyu. In kana son sanin ko ya nuna, gwada reza can ƙarshen ƙashin, nesa da gaɓa. Na kama ka kana soka allura a guringuntsi, za ka gane kurenka. Asid ɗin fomik ya fi sauri kuma wasu na amfani da shi lafiya, amma wannan na wanda ke tsayawa a kan aikinsa ne, ba naku ba.

Yadda ake saka nama a fomalin, da zuba kaki, da saita inji a maikiron 5, ba zan ɓata bakina a kai ba. Ku yaran yanzu kun fi mu takarda, na yarda. Amma ku kalli bidiyon minti uku a YouTube ku taso kuna gyara wa wanda ya fara yanka tun ba a haife ku ba. Mu sai da muka shekara muna wasa wuƙar inji da hannu kafin a bar mu mu taɓa nama, lokacin babu rezar da ake yarwa.

Saura batun makin da ake ba ɓarnar guringuntsi, tunda na ga har ka fara rubuta lambobi a gefen littafi. Ko ma'aunin Mankin na 1971 ne mai kaiwa 14, ko na OARSI, ƙungiyar masu binciken amosanin gaɓa, na ƙananan ɓeraye mai tsayawa a 6, wanda ya san wane ɓera aka yi wa tiyata ba ya ba da maki. Ido na ganin abin da zuciya ke so, naka da nawa duka. Ni zan rufe lambobin gilasan da filasta in ba su sabbi, takardar tana aljihuna, kai ka duba naka wani ya duba nasa daban, sannan a haɗa. Kuma yanka ɗaya ba ya isa gwiwa guda, sai ka ɗauko daga gaba da tsakiya da baya. Ranar da na ga gefen filasta ya ɗago, ka koma wankin kwalabe har ƙarshen zango.