Amsa: Dutsen da ka tsinta a gona, zumurrudu ne?

Malam, dutsen nan mai kore-kore da kace ka tsinta wajen huɗa a Rano, kar ka yi saurin murna tukuna. Zumurrudu da akwamarin duk dangin wani dutse mai daraja ne da ake kira beril, sinadarin kuromiyam ke sa zumurrudu ya yi kore, ƙarfe kuma ke ba akwamarin shuɗi kamar ruwa. Duba shi, beril yana da gefe 6 kamar fensir kuma bakinsa a shafe yake, in ka ga tsini to yawanci ƙanƙarar dutse (quartz) ce kawai. Karta gilashi ba hujja bane, ita ma tana karta. A ƙasar nan an fi samun zumurrudu wajen Nasarawa Eggon a jihar Nasarawa da Gwantu a jihar Kaduna. Kar dai ka fasa shi da guduma don Allah, kai wa masu saye su haska da tocila.