Me ya sa muke janyo murya daga cikin layi?

Ɗana, jiya ka ce, a wannan aiki namu na naɗar hirar waya don koya wa na'ura gane magana, me zai hana mu buɗe lasifikar waya mu kanga mata makirfo mai tsada, maimakon wahalar haɗa layi da kwamfuta. Matso kusa ka ji.

Abin da ke gudu cikin layin dijital lambobi ne. A kowace daƙiƙa ana auna sauti sau 8,000, kowane awo bit 8, ka ga bit 64,000 ke nan a daƙiƙa. Wajen mayar da sauti lambobi, mu nan tsarin A-law muke bi kamar Turai, Amurka kuwa mu-law. In ka kwashi lambobin yadda suka zo, abin da layi ya kawo shi ka adana, ba ragi ba ƙari. In ka bari suka fita ta lasifika, ka zuba musu rurin janareta da kaɗawar fanka da hon ɗin 'yan kabu-kabu na bakin titi. Kuma komai tsadar makirfo, ba ya dawo da abin da waya ta riga ta yanke, don daga 300 zuwa 3,400 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti) kawai take bari ya wuce. Shi ya sa "s" da "f" ke cakuɗewa a kunne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne raba masu magana. Mutanenmu ba sa jira, wannan na gaisuwa wancan na amsawa a kansa. Makirfo ɗaya zai dama su wuri guda, mai rubutawa ya sha wuya. Ta layi kuwa, kowa da hanyarsa. Haka kamfanin Texas Instruments ya yi a 1990 zuwa 1991 da ya tara Switchboard, wato hirar waya kusan 2,400 daga mutum 543, har yau masu bincike na cin moriyarta.

Wanda ya kira da salula daga Illela, GSM ta riga ta matse muryarsa kafin ta iso mana. Kada ka gyara, kada ka tace. Na'urar da za a koyar, irin wannan muryar za ta riƙa ji kullum. Rubuta dai irin wayarsa da inda yake tsaye. Dattijuwa ta ce "tahi", a rubuta "tahi", Sakkwatancin muke nema.

Amma kafin ka danna komai, ka faɗa mata ana naɗa, da abin da za a yi da muryar, ka jira ta ce ta yarda. Sunanta da lambarta kuma kada su kwana cikin fayil ɗaya da muryar.