Tambaya da Amsa: Haɗa Karen Foyinta da Girehawun Domin Farauta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne na gado, kuma da karnukan gida muke fita farautar zomo da gada bayan an kwashe amfanin gona. Na ga bidiyo a intanet inda Turawa suke haɗa karen foyinta (pointer) da karyar girehawun (greyhound), wato irin karnukan farauta biyu na Turai, suna cewa ɗan da za a haifa zai ɗauko hancin uba da gudun uwa. Shin gaskiya ne, kuma ya dace in kashe kuɗina wajen neman irin wannan kare? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai gaskiya a maganar, amma ba yadda masu talla suke faɗinta ba, domin ɗan ruwa biyu yakan faɗo ne a tsakanin iyayensa: ya fi foyinta gudu amma bai kai girehawun ba, ya fi girehawun hanci da juriya amma bai kai foyinta ba. Ko wannan riba ce ko hasara, ya danganta da naman da kake nema da kuma makamin da ke hannunka.

Girehawun da ido yake farauta. Idan ya hango zomo ya tashi, yakan zabura har gudunsa ya kai kusan kilomita 70 a awa, sai dai ba ya daɗewa a kan wannan gudu, shi ya sa tseren da ake sa shi a Ingila da Ailan yawanci bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba, kuma mita 500 yakan cinye ta cikin kusan daƙiƙa 30. Foyinta kuwa da hanci yake aiki, yana iya wuni yana kai da komo a fili yana shaƙar iska, kuma da zarar ya ji warin tsuntsu a cikin ciyawa sai ya sandare wuri ɗaya, ya miƙa wuya da wutsiya, sau da yawa ƙafar gaba ɗaya a ɗage, ya tsaya haka har maigidansa ya iso da bindiga.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce masu bidiyo ba sa ambata. An shafe ɗaruruwan shekaru ana zaɓen foyinta a kan ya tsaya idan ya ga nama, an kuma shafe fiye da haka ana zaɓen girehawun a kan ya bi duk abin da ya motsa. Idan halayen biyu suka haɗu a jikin kare ɗaya, abin da aka fi gani shi ne ya ɗan dakata na ƙiftawar ido, sannan ya afka. Ga mai harbin fakara ko zabin daji da bindiga wannan kare ɓarna ne, domin zai tayar da tsuntsu tun kafin a zo inda harbi zai kai. Ga mai farautar zomo da gora irinka kuwa, karen da zai gano zomo a maƙwancinsa da hanci, ya tayar da shi, ya kuma bi shi da gudu mai ɗorewa, abin so ne ƙwarai. Ni a ganina wannan ne kaɗai wurin da haɗin yake biyan wahalarsa.

Abin ba sabo ba ne. Tun a ƙarni na 17 mutanen Ingila suna fita da karnukan biyu tare, foyinta ya nuna inda zomo yake, a saki girehawun ya kamo shi, kuma jinin girehawun yana cikin abin da aka gina foyintan Ingila na yau da shi. A Ostareliya, cikin shekarun 1970, Mike Hodgens na jihar Kwinsland ya haɗa foyintan Jamus mai gajeren gashi da girehawun da kuma bul teriya (wani karen Ingila mai ƙarfin cizo), ya fitar da karen da ake kira bul arab domin farautar aladun daji, inda ake bukatar hanci da gudu da ƙarfin riƙo gaba ɗaya. A Norwe kuma, daga tsakiyar shekarun 1980, an haɗa foyintan Jamus da girehawun aka sami gireyista, wanda ba don farauta aka yi shi ba, don tseren jan mutum a kan ƙanƙara ne. 

Game da kuɗinka, ka yi la'akari da dajin da za ka shiga. Fatar girehawun siririya ce, tana yagewa da sauƙi, kuma ba shi da kitse sosai a jiki. A ƙasar ƙaya da ƙarangiya da kututturen dawa zai sha rauni a ƙafa da ƙirji. Karen da aka shigo da shi daga Turai bai saba da zafin Maris da Afrilu ba, kuma cututtukan da kaska ke yaɗawa sukan kayar da shi da sauri fiye da karen gida. Alhali a nan kusa da mu akwai karen Azawak na Abzinawa, a Nijar da Mali da Burkina Faso, wanda shi ma da ido yake farautar zomo da barewa, kuma rana da ƙishirwar Sahel ba baƙi ba ne a wurinsa. Shawarata ita ce ka nemi gudun daga can, ka haɗa da karyarka da ka tabbatar da hancinta, maimakon sayen ɗan kwikwiyon da ba ka ga aikin uwarsa ko ubansa ba.

Tambaya: Na haɗa karnuka biyu 'yan ruwa biyu da juna, amma 'ya'yan sun fito kowa da kamarsa, wasu dogaye wasu gajeru, wasu ko sha'awar daji ba su da ita. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Haka gado yake tafiya, Malam, ba laifin karnukanka ba ne. A haihuwar farko kowane kwikwiyo yana karɓar rabi daga iri ɗaya, rabi daga ɗayan, shi ya sa suke kama da juna. Idan aka haɗa su da junansu kuwa, rabon yakan wargaje, wani ya rinjayi ɓangaren kakansa na gudu, wani na hanci, wani ya kwaso raunin duka biyun. Masu wannan sana'a a Birtaniya da yawansu sukan sake haɗin farko duk lokacin da suke bukatar 'ya'ya, ko su mayar da 'yar ruwa biyu ga namiji tsantsa na ɓangaren da suke son ƙarfafawa.

Karya takan haihu bayan kimanin kwana 63 da barbara, kuma ba abin mamaki ba ne ta haifi bakwai ko takwas, don haka ka san hannun da za su shiga tun kafin a haɗa. Kada ka yanke wa kwikwiyo hukunci da kamarsa. Ka riƙa fita da shi yana bin manya a hankali, amma kada a sa shi gudu mai tsanani sai ya wuce shekara ɗaya, lokacin da ƙashinsa ya fara ƙwari. A yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare yana da wata 3, a ba shi maganin tsutsar ciki, kuma idan wata rana za a yi masa ɗinki, ka gaya wa likitan dabbobi cewa yana da jinin girehawun, domin wasu magungunan sa barci sukan daɗe a jikin irin wannan kare fiye da sauran.