Tambaya da Amsa: Maganin ɗigo mai sitiroyid da ƙaiƙayin ido

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekara idan itatuwa suka fara fure sai idanuna su yi ja, ga ƙaiƙayi ga hawaye. Na sayi maganin ɗigawa mai ɗauke da dexamethasone, nan da nan na ji sauƙi. Yanzu wata na biyu ke nan ina ɗigawa. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai matsala, kuma muna ba ka shawara ka ga likitan ido cikin makon nan a auna maka matsin ruwan ido. Ka tafi da kwalbar maganin.

Abin da ke damunka alaji ne. Ƙurar fure ko ƙurar iska na taɓa farin ido, jiki ya saki sinadarin histamine, sai ƙaiƙayi da ja su biyo baya. Sitiroyid irin su dexamethasone, betamethasone da prednisolone suna kashe kumburin da sauri, shi ya sa mutane ke maƙale musu. Amma a cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana fita ta wasu ƙananan magudanai. Sitiroyid na rage fitar ruwan, matsi ya hau. A lafiyayyen ido matsin yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci. Kusan mutum ɗaya cikin uku, idan ya yi makonni 4 zuwa 6 yana ɗiga sitiroyid mai ƙarfi, matsinsa na tashi, wasu kaɗan kuma nasu ya yi tashin gwauron zabi. Mugun abin shi ne yawanci ba ya ciwo. Ido ya yi fari tas, mai shi yana murna, alhali jijiyar gani na lalacewa a hankali. Wannan shi ne gilakoma, wanda ake kira hawan jinin ido, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Masu gilakoma a danginsu, masu ciwon suga, waɗanda ba sa hangen nesa sosai da ƙananan yara su ne suka fi shiga haɗari.

Illa ta biyu ita ce yanar ido. Wadda sitiroyid ke kawowa a bayan madubin ido take fitowa, kuma sai an daɗe ana amfani da shi. Alamarta ta farko ita ce haske ya riƙa kashe wa mutum ido, karatu ya yi wuya. Aiki kawai ke cire ta.

Ƙa'idar da ke rubuce a takardar yawancin waɗannan magunguna ita ce, duk wanda zai kai kwana 10 yana ɗigawa, a riƙa auna masa matsin ido. Tunda ka daɗe a kai, bar wa likita ya tsara yadda za ka rage shi sannu a hankali. Yanke shi rana ɗaya kan sa jan ya dawo fiye da na da, mutum ya sake komawa kan kwalbar.

Tambaya: To idan ba sitiroyid ba, me za mu ɗiga?

Amsa: Malama, mafi yawan masu alajin lokacin fure ba sa buƙatarsa ko kaɗan. A fara da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora kan rufaffen ido na minti 5 zuwa 10, sannan ɗigon hawaye na kanti don wanke ƙurar. Sai magungunan alaji na ainihi: olopatadine mai ƙarfin kashi 0.1 sau biyu a rana, ko mai kashi 0.2 sau ɗaya. Ketotifen sau biyu. Sodium cromoglicate mai kashi 2 sau huɗu. Shi cromoglicate rigakafi ne, ba ya aiki nan take, don haka wanda ya san lokacin da abin ke tasar masa ya fara kamar mako biyu kafin nan. Mu a ganinmu, da yawa daga masu cewa bai yi musu aiki ba sun yar da shi ne tun bai kama ba.

A guji ɗigon da ke sa ido ya yi fari nan take, irin mai naphazoline. Idan aka wuce ’yan kwanaki ana amfani da shi, jan kan dawo da zarar an daina. Kuma a daina murza ido, domin murzawa ƙara fitar da histamine take yi.

Idan duk wannan ya gaza, likita kan ba da sitiroyid mai sauƙin illa, kamar loteprednol ko fluorometholone, na mako ɗaya ko biyu, tare da maganin alajin.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara takwas farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, kullum yana sosawa. Zan iya ɗiga masa ragowar maganin babansa?

Amsa: A'a, Hajiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wani alaji mai tsanani da ya fi kama yara maza, wanda ke iya jawo gyambo a baƙin ido. Idan ana ɗiga sitiroyid, matsin idon yara ya fi na manya saurin hawa. Wataƙila yaron ya buƙaci sitiroyid na ɗan lokaci, ko ɗigon ciclosporin, amma sai an duba shi da na'ura. Idan akwai ƙwayar bairas ta herpes ko fangas a baƙin ido, sitiroyid zai ɓoye alamun, cutar ta ci gaba da ci har idon ya huje. Ki duba kwalabe masu haɗi biyu ma, irin tobramycin da dexamethasone, ko neomycin da betamethasone: sitiroyid ne a ciki.

Tambaya: Likita ya rubuta mini ɗigon sitiroyid. Yaya ake ɗigawa daidai?

Amsa: Wanke hannu. Idan maganin mai kama da madara ne, girgiza kwalbar sosai. Ja fatar ido ta ƙasa, ɗiga ɗigo ɗaya, kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Ɗigo na biyu zuba yake yi a kunci. Rufe idon, danna gefensa na kusa da hanci na minti ɗaya zuwa biyu don kada maganin ya gangara maƙogwaro. Idan magunguna biyu ne, a ba da tazarar minti 5. Kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe a zubar da ita. Ciwo mai tsanani, dishi-dishi, kwantsa mai kauri ko kasa kallon haske ba alamun alaji mai sauƙi ba ne. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya koma asibiti a ranar.